Idan Kwamfuta Ta Koma Tafiyar Hawainiya a Khartoum



Ɗalibi a Omdurman, maƙwabciyar Khartoum, ya sabunta manhajar Linux da dare, gari na wayewa kwamfutarsa ta cinya ta koma tafiyar hawainiya. Nan take zai ɗora wa sabuntawar laifi, kuma sau da yawa da gaskiyarsa. Zuciyar manhajar, wato kanel, ita ce ke umartar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya ƙara sauri ko ya rage. Tun 2013 Linux ya samu intel_pstate don wannan aiki a furosesan kamfanin Intel, na kamfanin AMD kuma ya shigo a 2022. Idan sabon kanel bai jitu da tsohuwar na'ura ba, sai furosesa ya maƙale a mafi ƙarancin gudunsa.

Amma a Khartoum, kada a yi saurin yanke hukunci. A watan Mayu zafi kan haura digiri 40, ga guguwar habub da ke cusa ƙura cikin fankar na'ura. Furosesan da ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Wasu kwamfutocin ma haka suke yi idan an sa musu jabun caja, balle ga wutar lantarkin da yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya daɗa dagulawa.

Don haka kafin ka nufi wajen mai gyara, kunna na'urar da tsohon kanel daga jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa yayin kunnawa. In saurin ya dawo, sabuntawar ce. In bai dawo ba, a buɗe a share fankar, a duba cajar.