Runka da Dajin Rugu: Mu Rubuta Tarihinmu Tun Dattawa Suna Raye

(Jawabin da aka gabatar wa dattawan ikkilisiya)



Maganata a yau a kan Runka ce da ƙauyukan kewayenta. Runka tana ƙaramar hukumar Safana, ƙasar Yariman Katsina. Arewa da ita akwai Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, inda har yau ake ba da labarin jarumtakar Ɗanwaire. Yamma kuwa Dajin Rugu ne, wanda ya miƙe har iyakar Zamfara. A dajin nan iyayenmu suka yi itace, suka ɗebo zuma da magani, Fulani suka yi kiwo, kowa ya kawo nasa kasuwa.

Mu ma muna da namu tarihi a ƙasar nan. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A asibitin kutare na Babbar Ruga, a hanyar Batsari daga Katsina, 'yan mishan na SIM suka yi jinyar marasa lafiya, waɗansu kuma suka koma gida da bishara. An kafa ECWA a 1954, Jihar Katsina kuwa sai a 1987.

Amma kun san abin da ya same mu. Dajin da ya ciyar da mu ya zama mafakar 'yan bindiga. A Fabrairun 2020 aka kashe mutane da yawa a Tsauwa da Dankar. A Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a Safana da Batsari. Musulmi da Kirista, tare muka yi gudun hijira. Yaron da aka haifa a Katsina ko Dutsin-ma, wa zai nuna masa rijiyar kakansa?

A Joshuwa sura 4, Isra'ilawa sun ɗauko duwatsu 12 daga Urdun domin idan 'ya'ya suka yi tambaya, a sami amsa. Saboda haka ina roƙon kowace ikkilisiya ta sayi littafi guda. Matasa su zauna gaban dattawa su rubuta: wa ya fara kawo bishara, a gindin wace bishiya aka fara sujada, wane maƙwabci ya ba da filin majami'a, ina makabarta da iyakokin gonaki. Kada a bari sai an girbe amfanin gona, domin dattawanmu suna ta raguwa.

Ubangiji ya maido mana da salama. Amin.