Canjin yanayi da rumbun manomin Garagumsa



Mu da ke birnin Damagaram, idan aka ce canjin yanayi, abin da ke faɗo mana a rai shi ne zafin bazara, ko tsohon masallacin Birni da ruwa ya rusa a watan Satumba na 2024. To, a Garagumsa, nan kan hanyar Maraɗi wajen Takeita, zancen rumbu ne.

Ruwan farko ya sauka, manomi ya shuka hatsi. Sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, shukar ta ƙone. Ya sake shukawa, wani lokacin har sau uku. Irin da ya sake zubawa ƙasa, daga abincin gida ya ɗebo shi, ko kuma bashi ya ci. Kafin hatsi ya nuna rumbu ya ƙare, sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiyar da za a dafa yau. Gonarsa ba ta samu noma kan lokaci ba, amfani ya ragu. Da kaka kuma mai bashi na bakin ƙofa, dole ya sayar da hatsin da arha, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina. Damina ɗaya ce ta ɓaci, amma gidan zai yi shekaru yana biyan ta.

Daga nan akuya ta tafi kasuwa, saurayi ya tafi cirani Kano ko Libiya. Kun tuna mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya a 2013? Yawancinsu mata ne da yara daga Kance, maƙwabtanmu.

Kada wani ya ce manoman nan zaune suke. Bayan farin 1984, su ne suka rungumi sassaben zamani, suna barin gawo ya tashi cikin gona a Mirya, Magarya da Matamaye. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya ba ƙasa taki, 'ya'yansa kuma dabba ta ci da rani. Amma gawo ba ya biyan bashi a watan Agusta.

Shi ya sa nake roƙon ku, mu je ma'aikatar magajin gari mu tambaya: bankunan hatsi nawa ke aiki a ƙauyukan Garagumsa, wa ke riƙe da mabuɗansu, kuma a wane wata ake buɗe su?