Jawabi Ga Masu Sayen Babban Allon Kwamfuta

Jama'a, a cikin kowace kwamfutar tebur akwai babban allo, wanda a kansa ake dasa ƙwaƙwalwarta, watau furosesa. Kowace ƙwaƙwalwa kuwa da irin gurbin da aka ƙera mata. Ta kamfanin Intel ba ta zama a gurbin AMD, kome dabarar mai gyara. Ko a kamfani ɗaya ma akwai bambanci, domin allon AM5 da AMD ya fitar a 2022 ba ya karɓar ƙwaƙwalwar AM4, kuma ma'adanar DDR5 kaɗai yake ɗauka. Saboda haka wajibi ne mai saye ya rubuta lambar ƙwaƙwalwarsa kafin ya nufi kasuwa.

Mutanen Maiduguri kuwa sai su ƙara lura da allon da aka riga aka yi amfani da shi. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta shiga shaguna da ofisoshi da dama, allon da ya sha ruwa kuwa yakan tashi lafiya yau, tsatsa ta kashe shi nan gaba. A duba bakin ramukansa ko akwai kore-kore. A duba 'yan alluran da ke gurbin Intel, kada ɗaya ta lanƙwashe. Kada a biya kuɗi sai an kunna allon a gaban mai saye, an kuma ba shi rasit.