Wasan Gem Daga Nesa: Ina Matsayin Batsari Da Safana?



An nemi in yi magana a kan wata sabuwar dabara, watau buga wasannin akwatin gem irin su PlayStation da Xbox a fuskar wayar hannu. Na san wasu za su ce wannan zancen yara ne. To, a yi mini haƙuri kaɗan, gama wasan yaran nan ya fi kowane ma'auni tona asirin hanyoyin sadarwarmu.

Ga yadda abin yake. Ba wayar ke yin aikin ba. Akwatin yana can gida, ko kuwa a wani makeken ɗakin kwamfutoci a wata ƙasa. Shi ke zana hoto ya turo ta intanet, kai kuma in ka danna, umarninka ya koma masa. A 2019 kamfanin Sony ya buɗe irin wannan hanya, mai suna Remote Play, ga iPhone da wayoyin Android, ya ce tana bukatar aƙalla megabit 5 a daƙiƙa, amma 15 ya fi. Wanda ya iya lissafi zai ga megabit 5 na sa'a guda ya ɗara gigabait 2. Ɗalibi ya duba aljihunsa.

Duk da haka ba tsadar data ce babbar matsala ba, jinkiri ne. Mai kallon fim a YouTube wayarsa tana tara masa abin da zai gani nan gaba, kamar mai cika randa kafin a ɗauke famfo. Mai wasa kuwa ba shi da randa, domin hoton da zai zo bai wanzu ba sai ya danna. A wasan da ke sake hoto sau 60 a daƙiƙa, in layi ya yi tuntuɓe na rabin daƙiƙa, hoto 30 sun wuce, an riga an zura maka ƙwallo. Ko Google, da duk ƙarfinsa, ya buɗe Stadia a Nuwamba 2019, ya rufe ta a Janairu 2023 don bai sami jama'ar da ya zata ba.

Yanzu mu dawo gida. Sa'ad da MTN ya soma 5G a 2022, manyan birane aka fara yi wa, mafi kusa da mu Kano. Mu kuwa a gefen dajin Rugu abin da muka gani ya wuce rashin sauri. A Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, sai a Disamba aka soma maido da su. A watannin nan akwatin da ke gidan gem, inda samari ke biyan kuɗin wasan ƙwallo ɗaya-ɗaya, bai bukaci layi ba, janareto kawai yake so (ko da yake man ma ya yi wuya, don an hana sayar da shi a jarka). Wanda ya dogara da akwatin nesa fa, wayarsa ta zama madubi. A ganina, duk mai son ya sa jarinsa a wannan sana'a a yankinmu, gara ya sayi akwati da faifan sola tukuna.

Abin da ya sa na ce ba zancen yara ba ne, layin da ya kasa ɗaukar wasa shi ne dai wanda mai POS ke jira a kasuwa, shi ne kuma wanda ɗalibi zai bi ya ji lacca kai tsaye. Saboda haka, ku ma'aikata, in wata rana aka tura ɗayanku duba sabon turken sadarwa a Ruma ko Runka, kada ya tsaya ƙirga sandunan da ke saman waya. Ya nemi yaro mai gem su buga na minti 15, ranar kasuwa, da yamma, lokacin da kowa ke kan layi, ya ƙirga sau nawa hoton ya daskare, ya sa adadin a rahotonsa.