Jirgin Ƙasa Mai Lantarki: Ribarsa Da Sharuɗɗansa

 

An nemi in yi bayani a kan yadda ƙasashen duniya ke raba jiragen ƙasa da kwal da gazuwal, suna ɗora su bisa wutar lantarki. Maganar da na zo da ita guda ce: wayar lantarki ba ta amfanar jirgi sai in akwai wuta mai ɗorewa a bayanta, akwai kuma kaya masu yawa a kan layin. Ƙasar da ta tanadi waɗannan biyu ta ci riba, wadda kuwa ta rataya waya ba tare da su ba, bashi ta ci.

Bari mu soma da yadda abin ke aiki. Kan jirgi mai gazuwal yana tafe ne da injinsa da tankinsa, kuma abin da ke kaiwa ga ƙafafunsa daga ƙarfin man da ya ƙona bai kai kashi 40 cikin 100 ba, sauran duk zafi ne da hayaƙi. Mai lantarki kuwa wani hannu na ƙarfe gare shi a bisa kansa, wanda ke gogar wayar da aka shimfiɗa saman layi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha yana zama tafiya. Ya fi saurin tashi, ya fi ƙarfin jan taragu a hawa, gyaransa ya fi sauƙi, in kuma ya taka birki a gangara yana iya mayar da wuta cikin waya, wani jirgin ya sha. Babban amfanin shi ne wutar tana iya fitowa daga ruwa, ko rana, ko iska, ko kwal, wato daga abin da ƙasa ke da shi a gida.

A shekarar 1879 ne Werner von Siemens ya nuna ɗan ƙaramin jirgi mai lantarki a birnin Balin na Jamus. Amma ƙasar da ta rungumi abin da hannu biyu ita ce Suwizilan, ƙasar duwatsu, wadda ba ta da teku, ba ta da kwal. A lokacin yaƙin duniya na farko kwal ya yi mata wuyar samu, har aka rage zirga-zirgar jirage. Sai ta juya ga ruwan da ke gangarowa daga duwatsunta, ta sa wa layin Gotar wuta a 1920, zuwa 1960 kuma kusan duk layukan gwamnati sun koma lantarki. Larura ce ta koya mata.

Indiya ma wannan hanya ta bi. Tana sayo fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen manta daga waje. Jirginta na farko mai lantarki ya tashi daga Bambai a 1925, kuma zuwa 2024 fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan layukanta, wato sama da kilomita 60,000, sun sami waya. Ƙasar Sin tana da fiye da kilomita 100,000 masu lantarki, a kan layin Datong kuwa jirgi guda yana jan tan 20,000 na kwal zuwa bakin teku. Ku ƙiyasta, alhazai, kamyo nawa ke nan. Jiragen gudu irin na Japan tun 1964, da na Faransa tun 1981, duka lantarki ke korar su.

To amma kada mu ɗauka kowa ya bi. Amurka, mai arzikin mai da dogayen layuka, har yanzu gazuwal ke jan kusan duk kayanta. Dalili kuwa shi ne turaku da waya da tashoshin rarraba wuta kuɗi ne masu yawa da ake zubawa tun kafin jirgi ya motsa, kuma ba su dawowa sai in jirage suna bin layin dare da rana. Ɗan kasuwa ya san wannan lissafi: ba ka gina babban sito don buhu goma.

A nahiyarmu ta Afirka akwai darasi iri biyu. Maroko ta fara sa wa layukanta wuta tun ƙarshen shekarun 1920 saboda jigilar fosfat, kayan da ba ya yankewa, a 2018 kuma ta buɗe jirgin gudu wanda ya rage tafiya tsakanin Tanja da Kazablanka daga awa 4 da minti 45 zuwa awa 2 da minti 10. Tanzaniya ta buɗe layi mai lantarki daga Darussalam zuwa Dodoma a 2024, a shekarar da babbar madatsar ruwanta ta Julius Nyerere ta fara ba da wuta. Zimbabuwe kuwa ta sa wa kimanin kilomita 300 waya daga Harare a 1983, amma da tattalin arziki ya durƙushe, ɓarayi suka kwashe wayar, wajen 2008 aikin ya mutu, aka koma gazuwal. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne Habasha, domin ita ma ba ta da teku, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kayanta ta tashar ruwan Jibuti suke bi. Layinta mai lantarki, kimanin kilomita 750 daga Adis Ababa, ya fara aikin kasuwanci a Janairun 2018, da burin mayar da tafiyar kwana 3 ta kamyo zuwa awa 12. Ya sauƙaƙa jigilar taki da alkama da kwantena, sai dai ɗaukewar wuta, da satar kayan layi, da karo da raƙuma sun sha tsayar da shi, ga kuma bashin ƙasar Sin da ya yi wa baitulmali nauyi.

Ina muka tsaya mu a Nijar? Layin dogo daga Kwatano ya tsaya a Faraku tun zamanin Turawa. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai taɓa ɗaukar hajar ɗan kasuwa ba. An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021. A watan Agustan 2023 kuma, da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar mana, kowa ya ga yadda garuruwanmu suka kwana cikin duhu. Da a ce akwai jirgi mai lantarki a ranar, da a daji zai tsaya da kayanku.

Saboda haka tsarin da nake gani shi ne: a fara da layi mai aiki, wanda ke ɗaukar albasa da wake da dabbobi da siminti, a gama madatsar ruwa ta Kandaji, a yawaita tashoshin hasken rana, sannan a yi maganar waya. Amma tun yanzu ya kamata ma'aikatan da ke sa hannu a kan kwangila su tabbatar an ɗaga gadoji, an bar gurbin turaku, yadda ranar da wuta ta wadata ba sai an rushe an sake ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma ƴan kasuwa, haƙƙinku ne ku tambayi duk wanda ya zo da alkawarin jirgi: tan nawa zai ɗauka a shekara, daga ina wutar za ta fito, wa zai biya bashin?