Sinadaran Narka Furotin da Yaɗuwar Ciwon Daji a Jikin Mutum da Kare: Darasi ga Kiyeshe da Kewayenta



Gabatarwa

Ƙullutun da ya tsaya wuri ɗaya a mama, likita na iya yanke shi ya fitar. Abin da ke kisa shi ne ranar da ƙwayoyin dajin suka bar mazauninsu suka bi jini zuwa huhu, hanta ko ƙashi. Wannan takarda za ta duba sinadaran da ke buɗe musu hanya, da abin da sanin hakan ke nufi gare mu a Arewa.

Yadda suke aiki

Ƙwayoyin mama na zaune ne a kan wani siririn tantani na furotin mai suna kolajin, wanda ya raba su da jijiyoyin jini. Jiki na da sinadaran da ke narka wannan furotin idan buƙata ta taso, kamar wajen warkewar rauni. Jerome Gross da Charles Lapière ne suka gano na farkonsu a 1962, a wutsiyar talibambam mai rikiɗa zuwa kwaɗo. A yau an san 23 daga danginsu a jikin mutum, ana kiran su MMP. A 1980 Lance Liotta da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin dajin da suka fi narka tantanin su ne suka fi yaɗuwa. MMP-2 da MMP-9 ne kan gaba: suna cin tantanin kamar yadda gara ke cin darni daga ƙasa, sannan su saki sinadaran da ke tsiro da sababbin jijiyoyin jini don ciyar da ƙullutun.

Abin da kare ke koya mana

Karya da ba a cire wa ƙwai da mahaifa ba, ƙullutun mama na cikin ciwace-ciwacen da suka fi kama ta, kuma kusan rabinsu daji ne. An tarar da MMP-2 da MMP-9 sun fi yawa a mugun ƙullutu fiye da marar illa, kamar dai a jikin mace. Ga shi kare na shan ruwanmu, yana shaƙar hayaƙin murhunmu, kuma rayuwarsa gajera ce: abin da zai ɗauki shekaru a jikin mutum, a jikinsa cikin watanni ake ganin ƙarshensa. Mafarauci ko makiyayin da ya lura da ƙwallo a hantsar karyarsa, ya ga ya girma ya fashe, daga baya numfashi ya gagare ta, ya ga dukan zangon cutar da idonsa.

Me ya hana magani?

An gwada. A shekarun 1990 aka yi ta gwajin marimastat, maganin da ke toshe waɗannan sinadarai, amma bai ƙara wa yawancin majinyata kwana ba, sai ciwon gaɓoɓi da ya jawo. An ba da shi bayan cuta ta riga ta yaɗu, ya kuma toshe har da sinadaran da ke kare jiki.

Shawarwari

Sankarar mama ce kan gaba a ciwon dajin matan Nijar. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashi da haske a 2021, amma daga yankinmu na Dogon Dutsi tafiya ce mai nisa da tsada. Saboda haka:

1. Duk ƙullutu mai tauri a mama, ko da ba ya ciwo, ko kaluluwa a hammata, a kai shi likita tun yana ƙarami.
2. A roƙi wanzamai da masu maganin gargajiya su daina sakiya a irin wannan ƙullutu; sakiya ba ta fitar da shi, lokaci kawai take ci.
3. Ma'aikatan kiwo su riƙa taɓa hantsar karnuka lokacin allurar haukan kare, su rubuta abin da suka gani.

Kammalawa

Tunda har yanzu babu ƙwayar maganin da ke hana sinadaran nan huda tantani, makaminmu shi ne mu riga su. Wannan kuwa aikin ungozoma ne, da miji, da ma'aikacin ƙaramar likitar ƙauye, kafin a kai ga Yamai.