RASHAWA DA SUNAYEN DA AKE SAKAYA TA DA SU

Jama'a, kalmar nan rashawa asalinta daga Larabci take, watau rishwa. Ma'anarta ita ce abin da mutum ya miƙa wa mai riƙe da amanar jama'a, kuɗi ne ko wani abu, domin ya karkata hukunci, ko ya ba shi abin da ba hakkinsa ba. Haka kuma in ma'aikaci ya ƙi yin aikin da ake biyansa albashi dominsa sai an danƙa masa wani abu, wannan ma rashawa ce. Da Hausa akan ce cin hanci, ko toshiyar baki, gama wanda ya karɓa bakinsa ya toshe ke nan, ba shi da ikon faɗin gaskiya.

Amma da wuya a ji mai bayarwa ya kira ta da sunanta. Sai ya ce goro ne, ko gaisuwa, ko tukwici, alhali kuwa waɗannan kalmomin mutunci ne. Tukwici na ɗan aike ne wanda ya kawo kyauta, ba na alƙali ba, balle akawun ofis. Wannan sakayawa ta daɗe, domin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya sanya gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya soka.

To, yaya za a rarrabe kyauta da rashawa? Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum karɓar zakka. Da ya komo sai ya ware wani kashi, ya ce wannan shi aka yi wa kyautarsa. Annabi ya tsawata, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ya gani ko za a kawo masa. Ma'aunin ke nan. Duk kyautar da ba za ta zo ba in babu kujerar, lalle rashawa ce.

Doka ma haka ta ɗauke ta. Dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta hukunta mai karɓa da mai bayarwa duka, kana a 2000 aka kafa hukumar ICPC domin binciken irin wannan laifi.

Saboda haka in ma'aikaci ya nemi na goro kafin ya sa hannu a takardar talaka, kada a taya shi sakayawa. A kira ta rashawa, a hana shi, a kai ƙara.